ƘARSHEN TIKA-TIKA TIK: TARIHIN ƘORAFIN MASU KARATU A KAN FINA-FINAN LITTATTAFAN SOYAYYA

GABATARWA

Duk wanda ya taɓa karanta littafin soyayya har ya haddace sunayen taurarinsa, sa'an nan aka ce masa an mai da littafin nan fim, ya san irin ɗokin da ke kama mutum. Ya kuma san irin tsakin da akan ja idan an tashi daga kallo. Ni dai na fara jin wannan tsaki a garinmu Mazanya, cikin ƙasar Jibiya, a farkon shekarun 2000, ina ɗan firamare. Akwai wani littafi mai kashi uku da ya zaga unguwarmu hannu-hannu, har bangonsa ya fita aka ɗinke shi da zare. Labarin wata yarinya ne da aka yi wa auren dole, masoyinta ya tafi neman arziki, bai komo ba sai bayan an kai ta makwancinta. Yayyena mata sun sha kuka a kansa. Ran da kaset ɗin fim ɗinsa ya iso daga Katsina, muka cika tsakar gidan wani maƙwabcinmu mai janareta. Da aka zo ƙarshe sai ga mijin nan ya yi nadama ya saki yarinyar, aka ɗaura mata aure da masoyinta, aka rufe da waƙa da rawa. Babbar yayata ta miƙe ta karkaɗe zanenta, ta ce, "Wallahi ba haka aka yi ba." Wata baƙuwarmu kuwa da ta zo biki daga Ɗan Isa, a tsallaken iyaka, wadda ba ta taɓa ganin littafin ba, cewa ta yi ita kam ba ta ga fim mai daɗinsa ba.

A wannan ɗan nazari za mu bi tarihin wannan saɓani da ke tsakanin mai karatu da mai kallo. Za mu duba yadda labarin soyayya ya shigo rubutaccen adabin Hausa, da yadda ya ƙaura daga takarda zuwa kaset, da kuma dalilan da suka sa ƙarshen labari, fiye da kowane sashe nasa, shi ne wurin da aka fi samun rigima.

SOYAYYA A TAKARDA

Manazarta sun daɗe da nuna cewa ƙagaggun labaran Hausa na boko sun samo tushe daga gasar da Hukumar Talifi ta Zariya ta shirya a 1933, ƙarƙashin Rupert East. Daga cikin littattafan da suka fito a wannan zubi na farko, watau Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi, na ƙarshen nan shi ne ya taɓo soyayya kai tsaye. John Tafida da East ne suka rubuta shi. Abubakar na son Zainabu, mai dukiya Malam Shehu ya shiga tsakani ya aure ta, Abubakar ya bazama neman hanyar ramuwa, masifar kuma ta faɗa kan ɗan da aka haifa, wanda ya tashi ɓarawo har ajalin mahaifinsa ya zo a hannunsa. Abin lura a nan shi ne, labarin soyayya na farko da aka buga da Hausar boko bai ƙare da buɗar kai ba. Ya ƙare da hukunci mai tsanani a kan wanda ya raba masoya da ƙarfin aljihu, da kuma wanda ya ƙi haƙuri ya nemi fansa.

Bayan wannan an daɗe jigon soyayya bai sake samun gindin zama ba, sai a 1980 da Kamfanin NNPC ya buga So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, wanda ake ɗauka shi ne ƙagaggen labari na farko da mace ta wallafa da Hausa. Daga tsakiyar shekarun 1980 kuma, da tattalin arzikin ƙasa ya karye, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja da baya, sai matasa suka shiga buga littattafansu da kuɗin aljihunsu a ƙananan maɗaba'u, musamman a Kano. Aka kafa ƙungiyoyin marubuta irin su Raina Kama. Wannan yunƙuri shi ne Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano, sunan da aka yi ta muhawara a kansa a jaridu cikin shekarun 1990.

Biyu daga cikin littattafan wannan zamani sun ishe mu misali. Na farko shi ne In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a 1991. Sumayya 'yar mai hali ce da ta kamu da son Muhammad, talaka mai nagarta, iyayenta kuwa suka fi son mai kuɗi Abdulƙadir. Da aka matsa mata ta faɗa rijiya, Allah ya yi da sauran kwananta, daga bisani masoyan suka sami biyan bukata. Littafin ya yi farin jini ƙwarai, ya kuma sha suka, domin an zarge shi da koya wa 'yan mata yin barazana da rayukansu. Na biyu shi ne Alhaki Kwikwiyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990. Shi wannan labarin abin da ke biyo bayan aure ne. Alhaji Abdu ya kori uwargidansa Rabi da 'ya'yanta tara saboda amarya Delu, Rabi ta kama sayar da abinci ta tsaya da ƙafafunta, shi kuwa dukiyarsa ta salwanta, amaryar ta juya masa baya. A ƙarshe dangi suka taru suka mai da Rabi ɗakinta, ba da son ranta ba.

Mai karatu zai ga cewa a dukkan waɗannan littattafai ƙarshen labari shi ne wurin yanke shari'a. Nan ne marubuci ke faɗin wanda ya yi gaskiya tsakanin iyaye da 'ya'ya, ko tsakanin miji da mata, ko tsakanin so da dukiya. Wanda ya taɓa ƙarshen, to, ya taɓa hukuncin.

DAGA TAKARDA ZUWA KASET

Mai da littafin Hausa fim ya girmi zamanin bidiyo. A 1976 Adamu Halilu ya shirya fim ɗin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, bayan Umaru Ladan da Dexter Lyndersay sun riga sun mai da shi wasan kwaikwayo. Amma wannan aikin gwamnati ne, da kuɗin gwamnati, ba a kuma yi shi don a sayar a kasuwa ba. Harkar da ta shafe mu ta fara ne a 1990, lokacin da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa a Kano ta fito da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo. Ba a jima ba marubutan soyayya suka gane cewa ga wata sabuwar kasuwa ta buɗe. In Da So Da Ƙauna ya zama fim a 1994, Tsuntsu Mai Wayo na Bala Anas Babinlata ya biyo baya, Alhaki Kwikwiyo ya fito a 1998, haka kuma Ki Yarda Da Ni na Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa ya shiga kaset a wajen wannan lokaci. Ashe ke nan masana'antar da ake kira Kannywood a yau, da nonon littattafan soyayya aka yaye ta.

Sai dai kaset ya isa inda littafi bai isa ba. Littafi na bukatar wanda ya iya karatun boko, kaset kuwa ido da kunne kawai yake nema. Mu da muka tashi a bakin iyaka mun ga wannan da idonmu. Hanyar da ta taso daga Kano ta bi ta Katsina da Jibiya ta ƙetare a Magama zuwa Ɗan Isa da Maraɗi tsohuwar hanyar zumunci ce, domin Maraɗi kanta zuriyar sarakunan Katsina ne suka kafa daularta bayan jihadin ƙarni na 19. Harshe ɗaya ne, dangi ɗaya ne, amma makarantun can da Faransanci ake koyarwa. Saboda haka littattafan Kano sukan ƙetare kaɗan-kaɗan, kaset kuwa katan-katan. Mai shirya fim ya san yana magana ne da jama'ar da yawancinta ba ta karanta littafin ba, kamar dai baƙuwar nan tamu. Wanda ya karanta, ya zo da alkawarin da marubuci ya yi masa a zuci, shi ne ɗan tsiraru a wurin kallo.

HANNUWA UKU A KAN ƘARSHEN LABARI

Idan muka duba da kyau, za mu ga abubuwa uku ne suke jan ƙarshen labari daga inda marubuci ya ajiye shi.

Na farko shi ne kasuwa. Marubuci na iya buga littafinsa da ɗan abin da ya tara, in ya faɗi shi kaɗai ya faɗi. Fim kuwa yana cin kuɗin kyamara da na 'yan wasa da na mota da na abinci, kuma a zamanin kaset dillalan kasuwar Ƙofar Wambai da makamantansu su ne ke saye su rarraba. Dillali ba ya tambayar jigo, tambayarsa ita ce wa ya fito a ciki, waƙa nawa ce, kuma in an kalla za a aiko a sayi kashi na biyu? Tun daga nasarar da fim ɗin Sangaya ya samu a 1999, waƙa da rawa suka zama kamar gishiri a miya. To, labarin da aka cika da waƙoƙin masoya cikin lambu, da wuya a rufe shi da makoki. Tsarin fim ɗin kansa yana tura shi zuwa ɗaurin aure. A nan ya kamata mu yi adalci, domin littattafan ma ba su tsira daga kasuwa ba. Al'adar yanke labari a daidai inda ya ɗauki zafi, a ce sai a nemi littafi na biyu, marubuta ne suka koya wa masu fim ita.

Na biyu shi ne idon jama'a da na hukuma. Littafi a ɗaka ake karanta shi, mutum ɗaya, wani lokaci a ɓoye cikin littafin makaranta. Fim kuwa a tsakar gida ake kallonsa, ga uwa ga 'ya, ga suruka ga yara. Abin da aka jure a takarda ba lalle ne a jure shi a allon talabijin ba. Wanda ya ga irin sukar da aka yi wa Gidan Dabino a kan rijiyar Sumayya, alhali a rubuce take kawai, zai yi tunani sau biyu kafin ya nuna yarinya ta bijire wa iyayenta ta kuma ci riba. A ƙarshen shekarar 2000 gwamnatin Kano ta dakatar da harkar fim, a 2001 aka kafa Hukumar Tace Fina-finai ta jihar, a 2007 kuma aka ƙara tsanantawa, shekarar da aka ƙona wasu littattafan soyayya a bainar jama'a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. A irin wannan yanayi, ƙarshen da ya fi aminci ga mai fim shi ne wanda kowa ya tuba a cikinsa, iyaye suka sa albarka, aka yafi juna. Ta haka masoya sun samu, iyaye ba su rasa ba, mai tacewa kuma bai sami abin kamawa ba. Abin da ya salwanta shi ne tambayar da marubuci ya so ya bari tana ci wa mai karatu rai.

Na uku, wanda kuma aka fi mantawa da shi, shi ne bambancin alƙalami da kyamara. Ƙarfin littafin soyayya yana cikin wasiƙu da zancen zuci. Alƙalami na shiga cikin zuciyar tauraruwa ya zauna shafi goma. Kyamara kuwa a waje take tsayawa, fuska da tufafi take gani. Mu ɗauki ƙarshen Alhaki Kwikwiyo Ne mu gwada. A takarda, komawar Rabi gidan Alhaji Abdu abu ne mai ɗaci, domin mun san wahalar da ta sha, mun san ta fara jin daɗin cin gashin kanta, mun kuma ji yadda aka rufe mata baki. Amma a ce wani ya ɗauki wannan fage da kyamara, ko da bai canza harafi ɗaya ba, me ido zai gani? Mace ta koma ɗakinta, 'ya'ya sun kewaye ta, dattawa suna sa albarka. In aka ɗora ɗan kiɗa mai sanyi a kai, shi ke nan, abin da marubuciya ta rubuta a matsayin ƙara ya koma sulhu. Saboda haka sau da yawa mai karatu kan fito yana cewa an canza ƙarshe, alhali abubuwan da suka faru suna nan yadda suke, ma'anarsu ce ta juya.

ABIN BA A KANMU FARAU BA

Kada mai karatu ya zaci wannan ciwo na masu fim ɗin Hausa ne su kaɗai. A Ingila akwai wani shahararren littafin soyayya mai suna Wuthering Heights, na Emily Bronte, wanda ya fito a 1847. Da aka mai da shi fim a Amurka a 1939, sai aka yar da kusan rabinsa na biyu, watau labarin 'ya'yan da suka gaji ƙiyayyar iyayensu. Daɗin daɗawa, mai kuɗin fim ɗin, Samuel Goldwyn, ya dage sai an rufe da hoton kurwar masoyan biyu suna tafiya tare, ko da yake mai ba da umarni, William Wyler, bai yarda ba. Haka nan littafin Jane Austen na 1813, Pride and Prejudice, da aka sake yin fim ɗinsa a 2005, ƙarshe biyu aka yi masa. Wanda aka nuna a Ingila ya tsaya a kan mahaifin yarinyar bayan ya ba da izinin aure, wanda aka kai Amurka kuwa an ƙara masa fagen ango da amarya suna zancen soyayya da dare. Fim ɗaya, kasuwa biyu, ƙarshe biyu.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na Indiya, tun da yake fina-finanta sun shiga gidajen siliman ƙasar Hausa tun shekarun 1950 ta hannun 'yan kasuwa Kwarori. Littafin Devdas na Sarat Chandra Chattopadhyay ya fito a 1917 da harshen Bengali, an kuma yi fim ɗinsa sau da dama. A littafin, Paro masoyiyar Devdas ta ƙuruciya da Chandramukhi mai rawar da ta kamu da sonsa ba su taɓa haɗuwa ba. A fim ɗin Bimal Roy na 1955, wanda Dilip Kumar ya fito a ciki, an bar su sun gifta juna a hanya ba tare da magana ba. A na Sanjay Leela Bhansali na 2002 kuwa, mai Shah Rukh Khan, har ƙawance suka ƙulla suka yi rawa tare. Amma duk da wannan ƙari, ba wanda ya yi ƙarfin halin ceto Devdas. A dukkan biyun ya mutu a ƙofar gidan mijin Paro, ita kuma aka rufe mata ƙofa kafin ta kai gare shi.

SHIN MAI KALLO NE BA YA SON ƊACI?

Wannan misali na Devdas ya kawo mu ga hujjar da masu fim suka fi kafawa, cewa wai Bahaushe ba ya son ya biya kuɗinsa ya tashi da baƙin ciki. Tarihi bai goyi bayan wannan magana ba. Fim ɗin Mother India na 1957, wanda uwa ta harbe ɗanta da hannunta a ƙarshensa, ya shekara da shekaru yana cika gidajen silima a Kano. Labarin Laila da Majnun, wanda masoyan ba su taɓa zama ƙarƙashin rufi ɗaya ba, sananne ne a wurin malamanmu tun kafin zuwan silima. Jiki Magayi kuma an daɗe ana karanta shi a makarantu, ba wanda ya nemi a sauya masa ƙarshe. Jama'ar da ta karɓi waɗannan ba za a ce ba ta iya haɗiye ɗaci ba.

Ni a ganina, abin da ke ɓata wa mai karatu rai shi ne ƙarshen da bai fito daga cikin labarin ba. In an shafe awa biyu ana nuna mana miji azzalumi, sa'an nan a minti biyar na ƙarshe ya farka da tuba ba tare da wani dalili ba, an raina hankalinmu. Haka kuma in da wani zai ɗauki In Da So Da Ƙauna ya kashe Sumayya a rijiya don kawai a ce ya yi wa'azi, shi ma ya ci amanar littafin. Mai fim yana da 'yancin ya rage, ya ƙara, ya haɗa taurari biyu su zama ɗaya, domin kowace sana'a da kayan aikinta. Amma hukuncin da labari ya gina tun daga shafin farko amana ce, musamman a adabin da yawancin marubutansa da masu karatunsa mata ne, waɗanda auren dole da kishi da saki ba tatsuniya ba ne a wurinsu. Yayata da ta ce ba haka aka yi ba, ta faɗi haka ne domin ta san yarinyar da aka yi wa irin wannan aure a unguwarmu, ta kuma san ba a rufe nata labarin da waƙa ba.

KAMMALAWA

Zamanin kaset ya wuce, na faifan sidi ma ya bi shi. Tun da tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, da kuma yaɗuwar YouTube, fina-finai masu dogon zango suka karɓe fage, littattafan soyayya kuma suka koma cikin wayar hannu. Ƙorafin ya sake kama: da ana kukan an canza ƙarshe, yanzu ana kukan labari ya ƙi ƙarewa, domin muddin masu talla na biya, ba a son a kai aya. Hannun kasuwa dai shi ne, riga kawai ya sauya.

Saura aiki a kanmu, mu ɗaliban Hausa. Littattafan shekarun 1990 a takarda mai araha aka buga su, kaset kuwa zafi da ƙura na cinye shi. Kowane ɗayanmu in ya je hutu, ya bincika akwatunan iyayensa mata da shagunan tsofaffin masu haya, a Jibiya ne ko a Funtuwa ko a Maraɗi. Wanda ya sami littafi da fim ɗinsa, ya zauna ya gwada su fage da fage, ya rubuta abin da aka cire da abin da aka ƙara, ya nemi marubucin da mai ba da umarnin in suna raye ya ji dalilinsu daga bakinsu. Kundin digiri guda ke nan ga duk mai neman batu, kuma wannan mujalla tamu a shirye take ta buga sakamakon. In ba mu yi haka da wuri ba, nan gaba za a rasa takardar da za a buɗe a tabbatar wa jikokinmu yadda marubucin ya ƙare labarinsa.